Dokar Matakin Farko a Amurka: Yadda Jam'iyyu Biyu Suka Sassauta Ɗauri Amma Suka Bar Mai Gabatar da Ƙara da Ƙarfinsa

A ranar 18 ga Disamba 2018 Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙudurin gyaran hukunci da gidajen yari, inda sanatoci 87 suka amince, 12 suka ƙi. Bayan kwana biyu Majalisar Wakilai ta bi sahu da ƙuri'a 358 a kan 36, kashegari kuma Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu, ƙudurin ya zama dokar da Amurkawa ke kira First Step Act, wato Dokar Matakin Farko. A tsakar daren ranar da aka sa hannun ne aka rufe wani sashe na ma'aikatun gwamnatin tarayya har tsawon kwana 35, saboda 'yan Republican da 'yan Democrat sun kasa daidaitawa a kan kuɗin gina katangar iyaka da Mexico. Mutanen da suka gaza haɗa kai a kan kasafin kuɗi su ne suka haɗu a kan sakin fursunoni, batun da ɗan siyasar Amurka ya shafe shekaru kusan arba'in yana gudun a ce ya yi sako-sako a kansa.

Wanda ya bi diddigin lamarin zai ga cewa wannan haɗin kai yana da iyakar da ba a cika ambata ba. Ya yi ƙarfi a kan abin da ke faruwa bayan an yanke wa mutum hukunci, kamar rage shekarun ɗauri da kyautata zaman kurkuku, amma ya yi rauni ƙwarai a kan abin da ke faruwa kafin hukuncin, wato ikon mai gabatar da ƙara, da hujjojin da yake ɓoyewa ko ya bayyana, da matsin da ke sa wanda ake tuhuma ya amsa laifi tun ba a saurari shaida ko ɗaya ba.

Asalin matsalar

Dokokin da aka zo gyarawa a 2018 su ma jam'iyyun biyu ne suka yi su tare. A 1984 Majalisa ta soke tsarin sakin fursuna kafin cikar wa'adi bisa sharaɗi a matakin tarayya. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan wasan ƙwallon kwando mai suna Len Bias ya mutu bayan ya sha hodar iblis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi, kuma cikin 'yan watanni, ana gab da zaɓe, Majalisa ta kafa dokar da ta wajabta mafi ƙarancin shekarun da alƙali zai ɗaure mai laifin miyagun ƙwayoyi, ko da kuwa alƙalin yana ganin hukuncin ya yi yawa. A cikin dokar aka bambanta hodar iblis ta gari da wadda aka dafa ta dunƙule, wadda ake kira kirak. Giram 5 na kirak yana jawo ɗaurin shekara biyar na dole, alhali sai an kama mutum da giram 500 na hodar kafin ya fuskanci irin wannan hukunci. Sinadarin ɗaya ne, bambancin yana ga masu saye da sayarwa: kirak ta fi araha, ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙar fata, don haka mafi yawan waɗanda aka ɗaure a kanta baƙar fata ne.

A 1980 fursunonin tarayya ba su wuce 25,000 ba. Zuwa 2013 sun kai kusan 219,000. A 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta rage tazarar daga 100 bisa 1 zuwa 18 bisa 1, sai dai ba ta waiwayi waɗanda aka riga aka ɗaure ba, ta yadda wanda aka yanke wa hukunci kafin watan Agustan wannan shekara ya ci gaba da zama a kan ma'aunin da Majalisa da kanta ta yarda ba daidai ba ne.

Shari'ar Weldon Angelos ta jihar Utah ita ce ta fi fito da yadda tsarin ke aiki. A 2002 ya sayar wa wani ɗan leƙen asirin 'yan sanda tabar wiwi sau uku, kowane ciniki na kusan dala 350, aka kuma ce yana ɗauke da bindiga, ko da yake bai harba ta ba, bai yi wa kowa barazana da ita ba. Masu gabatar da ƙara suka yi masa tayi: ya amsa laifi a nema masa shekara 15, in ya ƙi kuma za a ƙara tuhumomin da za su iya kai shi sama da shekara 100. Ya ƙi, ya zaɓi a yi shari'a. Dokar bindiga ta lokacin ta tanadi shekara biyar a kan tuhuma ta farko da shekara 25 a kan kowace tuhuma ta bayanta, ko da duk a takardar tuhuma ɗaya suke, kuma ko da mutum bai taɓa zaman gidan yari ba. Biyar da ashirin da biyar sau biyu suka ba da 55. Alƙalin da ya yanke hukuncin a 2004, Paul Cassell, wanda George W. Bush ya naɗa kuma ba a san shi da sassauci ba, ya rubuta cewa hukuncin rashin adalci ne, mugunta ne, kuma bai yi daidai da hankali ba, amma doka ta ɗaure masa hannu. Abin lura shi ne ba alƙali ne ya tsayar da shekarun ba; mai gabatar da ƙara ne ya tsayar da su tun ranar da ya zaɓi yawan tuhumomin da zai rubuta. Ɗaya daga cikin lauyoyin gwamnati da ke aiki a wannan ofishi a lokacin shi ne Mike Lee, wanda daga baya ya zama sanatan Republican na Utah, kuma ya sha faɗin cewa wannan shari'ar ce ta sa shi neman gyara.

Yadda aka haɗu

'Yan Democrat sun daɗe suna kuka da wariyar launin fata a cikin hukunci, don haka matsayinsu ba sabo ba ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne juyawar wani ɓangare na masu ra'ayin riƙau, kuma daga Texas ta fara, jihar da ta fi kowace zartar da hukuncin kisa. A 2007 aka shaida wa majalisar jihar cewa za a buƙaci ƙarin gadaje kusan 17,000 a gidajen yari cikin shekara biyar, a kan kuɗin da ya kai kimanin dala biliyan biyu. Jerry Madden na Republican da John Whitmire na Democrat suka shawo kan majalisar ta kashe dala miliyan 241 a kan maganin shaye-shaye da kula da masu taɓin hankali da sa ido a kan masu laifi a wajen kurkuku. Ba a gina sababbin gidajen yarin ba, a 2011 ma jihar ta rufe ɗaya a Sugar Land, laifuka kuma suka ci gaba da raguwa. Daga nan ɗan Republican na kowace jiha ya sami abin kare kansa idan aka zarge shi da tausaya wa masu laifi.

Kowane ɓangare da dalilinsa ya zo. Masu kishin rage kashe kuɗin gwamnati lissafi ne ya kawo su. Kiristoci masu wa'azi a gidajen yari, musamman ƙungiyar da Chuck Colson ya kafa a 1976 bayan shi kansa ya yi zaman kurkuku a kan badaƙalar siyasa ta Watergate ta zamanin Shugaba Richard Nixon, tuba da gafara suke magana a kai. Attajiran gidan Koch da masu ra'ayin taƙaita ikon hukuma tsoron ƙarfin gwamnati ne ya dame su. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU da lauyoyin baƙar fata kuwa wariya suke gani. Babu wanda ya sauya aƙidarsa, sai dai sun iske cewa akwai sassan doka da kowannensu zai iya kare su a gaban magoya bayansa da harshensa.

Yunƙurin farko ya faɗi. A 2015 Chuck Grassley, ɗan Republican na Iowa kuma shugaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, da Dick Durbin, ɗan Democrat na Illinois, suka gabatar da ƙuduri mai faɗi, ya wuce kwamiti, amma shugaban masu rinjaye Mitch McConnell bai kawo shi zauren majalisa ba a shekarar zaɓe ta 2016. Akwai kuma wani saɓani da ya taimaka wajen kashe shi, wanda ke da muhimmanci ga wannan nazari. Wasu 'yan Republican, ciki har da Orrin Hatch, sun nemi a sa sharaɗin cewa duk inda dokar laifi ta yi shiru, sai gwamnati ta tabbatar da mugun nufi kafin a kama mutum da laifi. Wannan kariya ce ta wanda ake tuhuma. Ma'aikatar Shari'a ta Obama da manyan 'yan Democrat suka ƙi, suna cewa kamfanonin da ke gurɓata muhalli da masu zambar kuɗi ne za su ci moriyarta. A wannan gaɓa 'yan Democrat ne suka tsaya wa mai gabatar da ƙara.

A 2018 abin ya dawo ta hannun Jared Kushner, surukin Trump, wanda mahaifinsa Charles Kushner ya yi zaman gidan yarin tarayya. A watan Mayu Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin Doug Collins, ɗan Republican na Georgia, da Hakeem Jeffries, ɗan Democrat na New York, da ƙuri'a 360 a kan 59, amma ƙudurin ya tsaya ne a kan gyaran zaman kurkuku, bai taɓa tsawon hukunci ba. Durbin da wasu 'yan majalisa na Democrat, Cory Booker da Kamala Harris da John Lewis, suka soke shi a rubuce, ACLU ma ta ƙi shi, Grassley kuma ya ce ba zai motsa ba sai an haɗa da rage hukunci. A ɗaya gefen Ministan Shari'a Jeff Sessions da Sanata Tom Cotton na Arkansas suna adawa da duk wani rangwame. An sauke Sessions ranar 7 ga Nuwamba, babbar ƙungiyar 'yan sandan ƙasar ta goyi bayan sabon daftari, mako guda bayan tafiyar Sessions kuma Trump ya fito ya amince. Dukan sanatoci 12 da suka ƙi a ƙarshe 'yan Republican ne.

Abin da aka samu da abin da aka biya

Dokar ta mayar da ɗaurin rai da rai na dole ga wanda aka kama karo na uku da laifin ƙwaya zuwa shekara 25, ta rage na karo na biyu daga 20 zuwa 15, ta kuma hana a jera wa mai laifin farko tuhumomin bindiga yadda aka yi wa Angelos. Ta faɗaɗa damar alƙali ya sauka ƙasa da hukuncin dole ga wanda tarihin laifinsa bai yi nauyi ba. Ta gyara lissafin rangwamen kyakkyawan hali daga kwana 47 zuwa 54 a shekara, abin da ya sa aka saki mutum kusan 3,100 a watan Yulin 2019. Ta hana sa wa mace mai ciki mari, ta kuma umarci a ajiye fursuna cikin mil 500 daga gidansa in da hali.

Sassa biyu sun fi sauran tasiri. Na farko shi ne waiwayar da dokar 2010 ga tsofaffin fursunonin kirak. A shekarar farko kaɗai mutum 2,387 suka sami ragi, a matsakaici kusan wata 71 kowane, sama da kashi 90 cikin ɗari nasu kuma baƙar fata ne. Daga cikin na farko akwai Matthew Charles na Tennessee, wanda aka ɗaure shekara 35 a 1996, aka sake shi a 2016, ya kama aiki, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta ce an yi kuskure aka mayar da shi kurkuku a 2018; ya fito a farkon Janairun 2019. Na biyu ya shafi sakin jinƙai ga marar lafiya ko tsoho. A da sai shugaban hukumar gidajen yari ne kaɗai ke iya kai buƙatar kotu, kuma a shekara mutum kamar 24 ne ke samu. Sabuwar dokar ta ba fursuna damar zuwa kotu da kansa idan kwana 30 suka wuce bayan ya rubuta wa shugaban gidan yarinsa. Wannan ƙaramin sauyi na hanya, wanda ba a yi ta surutu a kansa ba a 2018, shi ne ya fitar da dubban mutane lokacin annobar korona, kuma a ganina shi ne sashen dokar da ya fi kusa da ainihin haƙƙin a saurari mutum, tun da ya cire mai tsaro daga zama mai yanke shawarar ƙarshe a kan wanda yake tsarewa.

Kuɗin da aka biya don samun ƙuri'un shi ne barin sauran sassan ba su waiwayi baya ba. Wanda aka jera wa tuhumomin bindiga a 2017 yana nan da shekarunsa, wanda ya aikata irin laifinsa a 2019 kuma zai sami kaɗan daga ciki. Majalisa ta maimaita abin da ta yi a 2010, tana sane. An kuma cire gomman laifuka daga cikin waɗanda za su iya cin sabon rangwamen da dokar ta tanadar wa fursunan da ya halarci karatu da koyon sana'a, haka nan baƙon da aka riga aka yanke hukuncin korarsa daga ƙasar ba ya amfana da shi. Rangwamen ya rataya ne a kan wani ma'aunin kwamfuta mai suna PATTERN da ke hasashen yiwuwar mutum ya koma laifi, kuma binciken Ma'aikatar Shari'a da kanta ya gano kurakurai a cikinsa, ya kuma nuna yana zuzuta haɗarin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Sai a Janairun 2022, shekara uku bayan sa hannu, aka fitar da ƙa'idar ƙarshe ta lissafin rangwamen.

Kotun Ƙoli ta yi ta warware abin da Majalisa ta bari a dunƙule, rarrabuwar alƙalan kuma ba ta bi layin jam'iyya ba. A shari'ar Terry ta 2021 gaba ɗayansu suka ce waɗanda aka ɗaure a kan mafi ƙarancin kirak ba sa cikin masu neman ragi, saboda babu hukuncin dole a kan laifinsu tun asali, wanda ke nufin mai ƙaramin laifi ya rasa abin da mai babba ya samu. A shari'ar Concepcion ta 2022 Clarence Thomas da Neil Gorsuch suka haɗu da alƙalai uku masu sassaucin ra'ayi suka ba fursuna gaskiya. A shari'ar Pulsifer ta 2024 Elena Kagan, wadda Obama ya naɗa, ita ta rubuta hukuncin da ya ƙuntata damar sauka ƙasa da hukuncin dole, Gorsuch, wanda Trump ya naɗa, ya rubuta ra'ayin adawa.

Ma'aikatar Shari'a ta bayar da rahoto a 2023 cewa cikin kusan mutum 30,000 da aka saki ƙarƙashin dokar, kashi 12.4 ne aka sake kamawa ko aka mayar, idan aka kwatanta da kusan kashi 43 na fursunonin tarayya gaba ɗaya. Bai kamata a ɗauki tazarar duka a matsayin aikin dokar ba, domin tun farko masu ƙarancin haɗari aka zaɓa, kuma da yawansu ba su daɗe a waje ba lokacin da aka yi ƙidayar. Abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne ambaliyar laifukan da Cotton ya yi gargaɗi a kai ba ta zo daga waɗannan mutane ba. Sannan dokar ta tarayya ce kawai, fursunonin tarayya kuma kusan kashi ɗaya ne cikin goma na mutum sama da miliyan biyu da ke tsare a ƙasar a lokacin; sauran suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi.

Gefen da aka ƙyale

A 2012 Alƙali Anthony Kennedy ya rubuta a wani hukuncin Kotun Ƙoli cewa kashi 97 na waɗanda aka kama da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a na jihohi, amsa laifi suka yi. Gyara na biyar da na shida ga tsarin mulkin Amurka sun yi alkawarin shari'a bisa ƙa'ida a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, amma a aikace cinikin da ake yi a ofishin mai gabatar da ƙara ne ke yanke makomar mutum. Dokar Matakin Farko ta rage girman sandar da yake riƙe da ita a wannan ciniki, ba ta karɓe ta ba.

Abin da Majalisa ta yi a wannan gefe ya samo asali ne daga shari'ar ɗaya daga cikinsu. Ted Stevens, sanatan Republican da ya wakilci Alaska shekara 40, an same shi da laifin ƙin bayyana kyaututtuka a ƙarshen Oktoban 2008, kwana takwas kafin zaɓe, ya kuma faɗi zaɓen da ƙuri'un da ba su kai 4,000 ba. Daga baya ta bayyana cewa masu gabatar da ƙara sun ɓoye bayanan da ke karo da shaidar babban mai ba su shaida, alhali tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Brady ta 1963 wajibi ne su miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma duk hujjar da za ta taimake shi. A Afrilun 2009 Ministan Shari'a Eric Holder ya nemi a soke hukuncin, Alƙali Emmet Sullivan ya soke, ya kuma naɗa lauya Henry Schuelke ya bincika. Rahoton da aka buga a 2012 ya tabbatar da ɓoyewar, amma bai ba da shawarar gurfanar da kowa a kan raina kotu ba, saboda babu wani umarni bayyananne na alƙali da za a ce an saɓa. Stevens ya riga ya mutu a haɗarin jirgin sama a 2010.

Sanatoci sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, amma ruwan da suka shafa kaɗan ne. Lisa Murkowski ta Alaska ta gabatar da ƙuduri mai ƙarfi a 2012 wanda zai fayyace abin da za a miƙa da lokacin miƙa shi, Ma'aikatar Shari'a ta ƙi, ƙudurin ya mutu. Sai a Oktoban 2020 aka sa hannu a wata gajeriyar doka ta kare haƙƙin shari'a bisa ƙa'ida, wadda Sanata Dan Sullivan, ɗan Republican na Alaska, da Durbin suka ɗauki nauyi, ta wuce ba tare da adawa ba. Duk abin da ta tanada shi ne alƙali ya ba da umarni a zaman farko yana tunatar da mai gabatar da ƙara wajibinsa da abin da zai biyo bayan saɓa shi. Ta toshe ramin da rahoton Schuelke ya nuna, amma ba ta ƙara wa wanda ake tuhuma wani sabon haƙƙi ba, ba ta kuma ce a nuna masa hujjar kafin ya sa hannu a yarjejeniyar amsa laifi ba, wanda nan ne kusan kowace shari'a ke ƙarewa. Murkowski da Dan Sullivan kuwa duka suna cikin sanatoci 12 da suka ƙi Dokar Matakin Farko, abin da ke nuna cewa babu rukuni guda na masu neman gyara a Majalisar. Kowane batu da nasa mutanen.

Tun daga 2020, lokacin da kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin shekara ɗaya, ƙofar ta fara rufewa. A Satumban 2021 Majalisar Wakilai ta amince, da ƙuri'a 361 a kan 66, a kawar da bambancin kirak da hodar gaba ɗaya, amma Majalisar Dattawa ba ta kaɗa ƙuri'a a kai ba. A 2023 Gwamna Ron DeSantis na Florida, wanda ya zaɓi daftarin farko na Mayun 2018 yana ɗan majalisa, ya kira dokar ta fasa kurkuku, ya yi alkawarin soke ta in ya zama shugaban ƙasa. Gyaran da aka samu a kan ƙara wa mutum shekaru bisa tuhumar da aka wanke shi daga gare ta, al'adar da Kotun Ƙoli ta halatta a 1997, ya zo ne a 2024 daga hukumar tsara ma'aunin hukunci, ba daga Majalisa ba, ma'aunin nata kuma shawara ce ga alƙali. Tazarar 18 bisa 1 tana nan a cikin doka.